Gulbin Rima daban, kogin tsauni daban: amsa ga masu shirin zuwa Gashaka

Tambaya: Allah shi gafarta Malam. Mu takwas ne, abokan juna tun ƙuruciya, duk a bakin gulbi muka tashi wajen Kwalkwalawa. Mun yi adashe muna son mu tafi Gashaka a Jihar Taraba cikin hutun Agusta, mu ga tsaunuka, mu yi wanka a kogunan can, mu kama kifi. Babu wanda bai iya iyo ba a cikinmu. Yaya wurin yake, kuma me ake yi a can?

Amsa: Ɗana, Allah shi yi maku albarka. Na ji daɗi da na ga samari sun tara kuɗi don su je su ga ƙasa, ba don sayen sabuwar waya ba. Amma abu biyu ne suka tsaya mini a wasiƙarka. Na farko watan Agusta, wannan sai ku canza shi. Na biyu cewar da ka yi babu wanda bai iya iyo ba a cikinku. Kai ka faɗe ta ne don hankalina ya kwanta, ni kuwa ita ce ta tayar mini da shi. Na shekara da shekaru ina koyar da labarin ƙasa, na kuma kai ɗalibai wurare irin wannan, kuma wanda bai iya ruwa ba bai taɓa ba ni wahala ba, don shi a bakin gaɓa yake tsayawa. Ɗan bakin gulbi ne nake sa wa ido.

Bari mu fara da ruwan da kuka sani. Gulbin Sakkwato daga wajen Funtua yake tasowa, ya bi ta Gusau, ya ratsa madatsar Bakolori, ya zo nan kusa da birni ya haɗu da Rima, wadda ta sauko ta Goronyo da Wurno. Daga nan su karkata kudu ta Argungu da Birnin Kebbi har su faɗa Kwara. To, birnin Sakkwato bai wuce mita 300 a kan tsayin teku ba, ruwan da ya wuce ƙarƙashin gadar Kwalkwalawa kuwa sai ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 kafin ya kai teku. Yi lissafin da kanka: a kowane kilomita ɗaya ba ya sauka ko kamu biyu. Ruwan da gangarensa ke nan ba ya gaggawa. Shi ya sa yake lanƙwasa yana komowa kamar maciji, yana zube yashi a wannan gaɓa yana cin waccan, ya shimfiɗa fadama mai faɗin da daga wannan tudu da ƙyar kake hango wancan. Albasar da tafarnuwar da shinkafar da muke taƙama da su duk 'ya'yan wannan nawar ne.

Ƙasar ma kanta mai laushi ce. A lissafin masana, miliyoyin shekaru da suka wuce nan wurin duk teku ne. Farar ƙasar da ake haƙa a Kalambaina ana siminti a ƙarƙashin wannan tekun ta kwanta, kuma a yankin Goronyo an tono ƙasusuwan wata babbar dabbar teku da ta ƙare tuntuni, har aka raɗa mata suna Goronyosaurus. Duk sanda na faɗa wa 'yan aji wannan sai sun yi dariya, wai teku a Goronyo. Abin da nake so ka riƙe shi ne, yashi da laka da farar ƙasa ba su yi wa ruwa gardama. Ya ga dama ya faɗaɗa, sai ya faɗaɗa.

Yanzu juya Gashaka. Gandun dajin Gashaka Gumti, wanda aka kafa a 1991, shi ne mafi girma cikin gandayen daji na tarayya: ya haura murabba'in kilomita 6,000, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na Jihar Sakkwato ke nan, wani sashe a Taraba wani sashe a Adamawa. Ɓangaren arewa, wato Gumti, fili ne na dajin ciyawa da itatuwa. Ɓangaren kudu, Gashaka, shi ne na tsaunuka, kuma a can kan iyaka da Kamaru Chappal Waddi yake, tsaunin da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, mita 2,419. Garin Serti, inda ofishin gandun yake, bai kai mita 500 ba. Tsakanin ƙolin tsaunin da Serti bai kai nisan nan zuwa Argungu ba. Ka ga ke nan, saukar da ruwanmu ba ya yin kwatarta a tafiyar kilomita 1,000, ruwan can yana yin kusan mita 2,000 a ɗan wannan taƙin. Duk sauran bambancin daga nan ya samo asali.

Ruwan da ke gangarowa haka ƙasa yake ci, ba gefe ba. Dutsen can kuma tsohon dutse ne mai tauri, irin na Kwatarkwashi, ba ya ba da hanya da sauƙi. Sai kogin ya yi ta yankan wuri ɗaya har ya haƙa kwari mai zurfi, matsattse a ƙasa, buɗaɗɗe a sama, gefe da gefe gangare. Ba za ka ga fadama ba sai ɗan abin da ba a rasa ba. Cikin kogin ba yashi ba ne shimfiɗe, duwatsu ne mulmulallu, daga mai girman ƙwai har mai girman ɗaki, kuma ruwan ne ya mirgino su a shekarun da ya cika. A kan falalen dutse za ku tarar da ramuka zagayayyu sumul kamar turmi. Ba mutum ya sassaƙa su ba, tsakuwa ce ta maƙale a ɗan gurbi, ruwa ya yi ta juya ta shekara da shekaru. Kogin kuma hawa-hawa yake tafiya: nan ya yi gudu yana kumfa tsakanin duwatsu, can ya faɗa wani gurbi mai zurfi ya yi tsit, ya sake fita. Bakinsa kurmi ne mai duhu, dogayen itatuwa sun rufe sama, alhali tudun da ke bisa kanku ciyawa ce zalla. Mafi girman kogunan gandun shi ne Mayo Kam, kuma ruwansa Kogin Taraba yake zuba, Taraba ya kai Binuwai. Kalmar mayo Fulatanci ce, kogi ke nan, don haka kusan kowane ruwa a can da ita sunansa ke farawa. Wanda ya iya ɗan Fulatanci a cikinku zai yi rana.

Sai maganar Agusta. Iskar damina daga kudu maso yamma take tasowa da laimar teku. In ta ci karo da tsauni dole ta hau, in ta hau ta yi sanyi, in ta yi sanyi ta zubar da ruwan da ta ɗauko. Saboda haka ruwan da ke sauka a kudancin gandun ya kai ninki uku na wanda muke samu a nan, kuma daminarsu tun Afrilu take kamawa har wajen Oktoba ko Nuwamba. Agusta tsakiyarta ce. Hanyoyin cikin gandun sun lalace, mashigai sun cika, ciyawa ta fi mutum tsawo ba ka ganin dabba ko tana gabanka, ruwan kuma ya yi ja ba a ganin ƙasansa. Kuɗinku kawai za ku kashe ku zauna a masauki kuna kallon hadari.

Abin da ya fi wannan shi ne yadda kogin ke cika. Ku tuna ambaliyar Satumbar 2010, wadda ta yanke hanyar jami'a a nan unguwarku. Ta yi ɓarna ƙwarai, amma ruwan fadama yakan ba da labarin zuwansa: yana hawa ana kallo, labari ya riga shi isowa daga garuruwan gabas, in ya zo kuma ya yi makonni bai janye ba. Kogin tsauni ba haka yake ba. Ruwan da ya sauka a kan gangare ba ya samun inda zai tsaya, nan take yake taruwa a kwarin, kwarin kuma matsattse ne, ba inda zai bazu sai dai ya yi sama. Ana iya yin ruwa a can bisa tsauni, ku kuna ƙasa rana na dukanku, ba ku ga ko ɗigo ba, cikin 'yan mintoci inda kuka tsaya ruwa iya idon sawu ya koma iya wuya. Alamunsa uku ne, kuma ba su jira: ruwa garau ya fara gurɓacewa, ganye da karare su fara wucewa, sannan a ji ruri daga sama kamar babbar mota na tahowa. Wanda ya ga ɗaya daga ciki ya bar takalmi ya bar fatsa ya hau tudu. Tudu, ba bin kogi a guje ba, don ba wanda zai tsere masa. Saboda wannan ne ba a kafa tanti a kan yashin tsakiyar kogi ko da rani, komai kyawun wurin. Ku duba jikin itatuwan gaɓa, za ku ga inda ambaliyar bara ta rataye ciyawa da shara. Ku kwana sama da nan.

Ku ɗage tafiyar zuwa tsakanin Disamba da Fabrairu. Lokacin ruwa ya ja baya ya yi garau, hanya ta bushe, dabbobi na saukowa shan ruwa. Aibinsa ɗaya, hazon hunturu kan rufe nesa, wata rana ka hau tudu da wahala ka tarar ba abin da ake hangowa. Ni dai na fi son farkon Disamba, kafin hazo ya yi kauri kuma tsaunuka ba su gama bushewa ba.

To, ga maganar iyo. Abin da Rima ta koya maku gaskiya ne, a Rima. Kun saba in kun gaji ku sa ƙafa ƙasa ku taka yashi. A kogin dutse wannan ɗabi'ar ce ke kisa. Ƙafa takan shige tsakanin duwatsu biyu ta maƙale, ruwa ya turo mutum ta baya ya kifar da shi, kuma ya danne shi a wurin da zurfinsa bai wuce ƙugu ba. Ƙarfin ruwa ba daidai da gudunsa yake ƙaruwa ba: in gudun ya ninka biyu, turin da yake yi maka ya ninka huɗu. Ruwa iya gwiwa mai gudu ya isa ya kayar da ƙato. In ruwa ya ɗauki mutum, ya kwanta rigingine, ƙafafu a gaba suna kallon inda ruwan ya nufa don su riƙa tokarar duwatsu maimakon kai, ya riƙa jan jiki da hannu zuwa gaɓa, kada ya miƙe tsaye sai ya ji bayansa na gogar ƙasa. Itacen da ya faɗi cikin kogi kuwa a nisance shi. Ruwa na wucewa ta cikin rassansa, mutum ba ya wucewa.

Gurbin da ke ƙarƙashin inda ruwa ke zubowa daga sama shi ya fi jan hankalin samari, don nan ne wurin hoto. Farin ruwan nan mai kumfa rabinsa iska ne, ba ya ɗaukar jiki kamar ruwan da kuka saba, sai ka ji kana nitsewa kana iyo. Kuma ruwan da ya faɗo yakan nutsa ya juyo baya ta sama, ya riƙa maido da abin da ya kama gindin dutsen. Kada kowa ya yi tsalle daga kan dutse cikin ruwan da bai shiga ya auna da sanda ba. Ruwa garau yana ruɗin ido, da kallo kawai ba ka iya sanin ainihin zurfin inda dutse yake.

Ni kaina na taɓa shan kunya. Wata shekara ina gaban ɗalibai ina yi masu bayanin yadda ake ƙetare rafi, sanye da silifa, na taka wani falale da gansakuka ta rufe. Ban san sanda na zauna ba. Ruwan bai kai cinya ba, amma sai da ya ja ni tsawon ɗaki biyu kafin wani ɗan garin da ke mana jagora ya miƙo mini sanda. Silifa ɗaya da littafin da nake rubutu a ciki har yau suna can. Tun daga ranar, da kambas mai igiya nake shiga ruwa. In za ku ƙetare, ku nemi inda kogin ya yi faɗi ya baje, kada ku bi inda ya matse don kun ga nan ne kusa. Sanda a hannu, fuska na kallon inda ruwan ke fitowa, ana jan ƙafa ɗaya bayan ɗaya, igiyar jaka a kwance don a iya yar da ita. Mutum ɗaya ke shiga, saura na gaɓa.

Inda ruwan ya yi zurfi ya kwanta lumui, wanda ku a idonku shi ne wurin wanka, a Mayo Kam gidan dorina ne da kada. Akwai wani gurbi sananne da ake kai baƙi musamman don kallon dorina. Dorina da dare take fitowa kiwo ta koma ruwa da asuba, kuma mafi munin wurin tsayawa shi ne tsakaninta da ruwan. Da ɗan gari akan ci gari: ba a shiga gandun sai da izini da rakiyar ma'aikacinsa, kuma inda ya ce a yi wanka nan za a yi. Akwai irin waɗannan wuraren, marasa zurfi, masu tsakuwa, ruwan da sanyi kamar na randa. Za ku more su.

Kada duk wannan ya sa ka zaci hana ku nake yi. Wurin ya cancanci kowace naira. Babban abin da ake yi a can tafiyar ƙafa ce. A fita bayan sallar asuba, a bi gefen kogi cikin kurmi ana tafiya shiru, don dabba kunne gare ta. Akwai ɓauna da gwambaza da mazo da gadu, birai iri-iri har da wani baƙi mai farin gashi a kafaɗa da doguwar jela da ke tsalle can ƙololuwar itace, da tsuntsaye ɗaruruwan iri. Gandun ya yi suna a duniya saboda biran nan masu kama da mutum da ake kira cimfanzi, amma kada ku sa rai da ganinsu a kwana biyu. Masu bincike ma sukan yi kwanaki sai dai su ji kukansu ko su ga shimfiɗar ganyen da suka kwana a kai. Wanda ya je da niyyar ƙirga dabbobi kamar gidan zu zai dawo yana ƙorafi.

Kamun kifi kuwa, akwai giwan ruwa, wadda kuka sani a Argungu, akwai tsage mai haƙora. Sai dai ku bar homa da gora a gida. Kamun da Sarkawa suka gada, a faɗa ruwa a rutsa kifi, na ruwan yashi ne. A gandu da fatsa ake yi, da izini, a inda aka yarda, kuma ku tambaya tun a ofis ko ana tafiya da abin da aka kama ko mayar da shi ake yi. Farauta babu ita sam, ko da danƙo.

Hawan Chappal Waddi aikin kwanaki ne a ƙafa, da jagora da masu ɗaukar kaya da guzuri, ban ba ku shawararsa a zuwan farko ba. Mutumin da tudun da ya fi sani shi ne hawan Dange, gwiwarsa sai ta koyi saukowa tukuna, don saukowa ta fi hawa cin gwiwa. Ku fara da tuddan kusa da ƙauyen Gashaka. A nan ne ma kufan wata ganuwar dutse ta sojan Jamus take, tun zamanin da yankin ke ƙarƙashin Kamarun Jamus. Bayan yaƙin duniya na farko ya koma hannun Ingila, sannan a ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 mutanen arewacin Kamarun Ingila suka zaɓi Nijeriya, aka sa wa lardin suna Sardauna don girmama Sir Ahmadu Bello. Har yau ƙaramar hukumar da ke kan tsaunin Mambila, mai hedikwata a Gembu, sunanta Sardauna. Kafin Turawa kuma, tutar da Modibbo Adama ya karɓa daga hannun Shehu ce ta kai mulkin Fulani waɗannan ƙasashe. In kuka ce daga Sakkwato kuke, ba za a tambaye ku ina ne nan ba. In kwana ya rage maku, ku hau Mambila ta Mayo Selbe, hanya mai lanƙwasa da sai direba ya natsu, ku ga gonar shayi a Kakara da shanu na kiwo a kan tuddai marasa itace.

Sanyi kada ku raina shi don kun saba da hunturun Sakkwato. A kowane hawan mita 1,000 zafi na raguwa da kusan digiri 6 da rabi, don haka ƙolin tsaunin ya fi gindinsa sanyi da wajen digiri 13, ga iska ga laima. A cikin kwari ma da dare sanyin tuddai gangarowa yake ya kwanta a ƙasa, ka farka raɓa ta jiƙa komai. Bargo da rigar sanyi dole ne. Da rana kuma riga mai dogon hannu da dogon wando, saboda tsando a kurmi, da wani ɗan baƙin ƙuda da ke hayayyafa a ruwa mai gudu, wanda yawan cizonsa shekara da shekaru ke jawo makanta ga mazauna bakin irin waɗannan koguna. Mu a nan tsargiya muka sani, ta ruwan kwance, su kuma wannan ce tasu. Gidan sauro, maganin zazzaɓi, da tukunyar tafasa ruwan sha, komai garau ɗinsa, don akwai rugage da shanu a sama da ku. Guzuri mara nauyi: kilishi, ƙuli-ƙuli, garin kwaki, dabino.

Ga wani abu da ba a cika faɗa wa matafiyi ba. Serti na gabas da mu da kusan digiri 6, don haka rana na karkatawa a can kusan minti 25 kafin nan, kada ku bi jadawalin sallar gida. A cikin kwari kuma rana kan ɓuya bayan tsauni tun da sauran la'asar. Ɓuyar nan ba faɗuwa ba ce, mai azumin nafila ya kiyaye. Amma alama ce ta a kama hanyar masauki, don duhun kurmi da wuri yake sauka.

Hanya doguwa ce, ta haura kilomita 1,000, ku ba ta kwana biyu zuwa biyu dawowa. In ta Jalingo kuka bi, daga nan Garba Chede, Bali, sai Serti. Ku yi tafiyar rana kawai, ku tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki a makon da za ku tashi, musamman tsakanin nan da Funtua, ku kuma tuntuɓi ofishin gandun kafin ku baro gida don ku san kuɗin shiga da na masauki da na jagora. Waya ba ko'ina take kamawa ba, ku shaida wa iyayenku ranar da za su sa ran jin ku don kada hankalinsu ya tashi. In adashen bai kai ba, ku fara da Filato: ruwan Assop da ke Hawan Kibo a bakin titi yake, ƙaramin misali ne na duk abin da na bayyana, kuma a yini ɗaya kun gan shi kun koma Jos kun kwana. In kun tsai da rana, ka zo gida ka karɓi taswirar yankin da nake da ita, ta tsufa amma koguna ba su tashi daga inda suke ba. Ka dawo mini da ita.